Tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta: Daga ina matashin Haɗeja zai fara?

Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Haɗeja ya san ruwa ba ya neman inda jinga ta fi ƙarfi, ɓarakar da aka raina yake bi. Haka masu kutse ke yi wa kwamfutoci da wayoyin da ke haɗe da juna. Kuma lamarin ya shafi siyasa: tsohon Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami ya ce an kai wa Najeriya hare-haren intanet kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023.

Ilimin ya tsaya ne kan ginshiƙai uku. Na farko sirri, wato kada wanda ba shi da izini ya ga bayani. Na biyu sahihanci, kada a sauya shi a hanya. Na uku samuwa, a same shi lokacin da ake buƙata. Rumbun sakamakon zaɓe da ya gaza a ɗaya daga ciki ya rasa amincewar jama'a.

Kariya kuwa hawa-hawa ce. Akwai manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita, tamkar mai gadin ƙofar gari. Akwai kulle saƙo ta yadda ko an tare shi ba zai karantu ba. Sai sabunta manhaja a kan kari. Cutar kwamfuta ta WannaCry, wadda ta durƙusar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017, ta bi ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris.

Amma ɓaraka mafi girma ita ce mutum. Wanda ya karanta wa baƙon murya lambar da WhatsApp ya turo masa, ko ya saka BVN a shafin tallafin bogi, da hannunsa ya buɗe ƙofa.

Mai son koyo ya fara da fahimtar yadda saƙo ke tafiya tsakanin na'urori, domin ba a tsare abin da ba a sani ba. Shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya yana koyar da fannin. Shugaban NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja, shi ma da aikin hanyoyin sadarwa ya taso.

Sai dai a kiyaye: dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Gwaji a kan na'urarka ake yi.