Me Ke Cin Yatsun Kuturu?

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna jin ana cewa kuturta ce take cinye yatsun mutum. Binciken likitoci ya nuna ba haka abin yake ba.

Wanda ya warware mana wannan zance shi ne Dokta Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila, wanda ya soma aiki a asibitin Vellore a ƙasar Indiya a 1946. Ya lura cewa ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin da ke sa mu ji zafi. Saboda haka mai cutar yakan ɗauki tukunya mai zafi, ko ya taka ƙaya, bai sani ba. Sai wurin ya zama gyambo, ya ruɓe, a hankali yatsa ya guntule. Brand ya kuma kyautata hanyar fiɗa wadda ake karkato lafiyayyar jijiya zuwa yatsun da suka ƙandare, har hannu ya sake riƙe abu.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna wajen warkar da kuturta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Ana sha wata 6 ko 12, gwargwadon ƙarfin cutar, mutum ya warke.

Don haka, idan muka ga wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, kada mu ɓoye shi don kunya. Mu hanzarta zuwa asibiti tun jijiyoyi ba su lalace ba.