Maganaɗisun ƙasa da iskar rana: yadda abin yake daga Yamai

Allurar ɗan kamfas ɗin da ake maƙala wa dardumar salla, irin wadda ake gani a Zongo, layukan maganaɗisun ƙasa take bi. Tushen maganaɗisun shi ne narkakken ƙarfe mai motsi a cikin ƙasa, wanda ya faro daga zurfin kilomita 2900. A Yamai layukan kusan kwance suke, domin ekwatar maganaɗisu ta ratsa kaɗan kudu da mu. Dalilin ke nan da aka jera tashoshin awo 10 daga Lamto ta Kwaddebuwa zuwa Tumbutu tsakanin 1992 da 1994.

To, mene ne aikin layukan a sama? Rana tana feso ƙwayoyi masu cajin lantarki, galibi furoton da elektiron, da gudun kusan kilomita 400 a sakan guda. Wannan ita ce iskar rana, wato vent solaire. Ƙwaya mai caji ba ta iya ƙetare layin maganaɗisu kai tsaye, sai dai ta riƙa kewaya shi. Saboda haka tun daga nisan kusan kilomita 65 000 a ɓangaren da ke fuskantar rana iskar take rabuwa biyu, kamar yadda ruwan kogin Kwara ke yi wa tsibiri. A samanmu layukan rufaffu ne: sun fito daga ƙasa, sun koma cikinta.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce Mirrihi. Maganaɗisunsa ya mutu shekara kusan miliyar 4 da suka wuce, kuma a 2015 kumbon MAVEN ya nuna iskar rana tana kwashe masa kimanin giram 100 na iska kowane sakan.

Amma a ganinmu an cika sauƙaƙa wa ɗalibai zancen. Zuhura ba ta da maganaɗisun kanta, ga shi kuwa nauyin iskarta ya ninka tamu sau 90. Ita ma ƙasarmu garkuwarta da ɓaraka: a ƙuryar arewa da ta kudu layukan buɗaɗɗu ne, ta nan oksijin mai caji ke sulalewa. Wani nazarin da Gunell da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya nuna asarar duniyoyin uku ba ta yi nisa da juna ba. Dole ke nan a sa nauyi cikin lissafi: Mirrihi kusan kashi ɗaya cikin 10 ne na nauyin ƙasa, don haka riƙonsa ga iska mai rauni ne tun asali.