Wuta Ma Numfashi Take Yi: Haɗarin Hitar Gas a Rufaffen Ɗaki

A watan Janairun 2023, ana tsakiyar sanyi a Aljeriya, aka tarar da mutum 9 'yan gida ɗaya sun rasu a garin Bu Sa'ada. Babu gobara, babu rauni a jikin kowa. Iskar guba ce mai suna kabon monoksaid ta gama da su. A wannan ƙasa, wadda ta yi iyaka da Nijar, yawancin gidaje da gas suke ɗumama ɗaki da ruwan wanka, kuma kusan kowace shekara wannan guba kan ci rayuka fiye da 100. Abin ya kai ga gwamnati ta umarci kamfanin Sonelgaz ya sanya wa gidaje na'urar gano gubar kyauta.

Ta yaya abin da aka kunna don jin ɗumi yake zama ajali? Amsar tana cikin halin wuta kanta. Wuta ba ta ci sai da oksijin, wato sinadarin da mu ma muke shaƙa, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Gas kuwa ba ƙaramin ci gare shi ba: kafin lita ɗaya ta iskar furofen, wani nau'in gas, ta ƙone ƙurmus, sai ta samu kusan lita 24 ta iska. Idan ta samu isasshe, harshen wutar kan fito shuɗi, ya tsaya cak, abin da ke tashi kuma shi ne tururin ruwa da kabon dayoksaid, irin wanda muke fitarwa da numfashi. Amma da an garƙame ƙofa da taga, an cusa tsumma a duk wata kafa, sai hita da masu barci su shiga rabon iska ɗaya. Oksijin na raguwa, ƙonuwar na zama rabi da rabi, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa yana rawa, sai kabon monoksaid ya fara taruwa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Mutane da yawa sun dogara da hancinsu, suna cewa ai da gas ne da sun ji wari. Nan kuskuren yake. Warin da ake ji idan tukunyar gas tana yoyo, kamfanoni ne ke zuba shi da gangan don a farga. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari ko hawaye. Idan ya shiga huhu, jini ya fi kama shi sau 200 ko fiye a kan yadda yake kama oksijin, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu alhali mutum yana ta numfashi. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abubuwan da a wajenmu za a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani a koma a kwanta a ɗakin da ya jawo ciwon. Wanda barci ya riga ya ɗauke kuwa, sau da yawa ba ya farkawa balle ya ji komai. Abin lura shi ne idan duk mutanen ɗaki suka kamu lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da fitarsu waje, to iskar ɗakin za a tuhuma.

Hitocin gas iri biyu ne. Akwai mai bututu, wadda ke kai hayaƙinta waje. Hatsarinta yana zuwa ne idan bututun ya toshe da ƙura ko sheƙar tsuntsu, ko ya tsage. Akwai kuma marar bututu, wadda ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, duk abin da ta ƙona a cikin ɗakin yake zama. Na zamani suna da wata 'yar na'ura da ke kashe wutar idan oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 18, sai dai oksijin kawai take aunawa, ba guba ba, don haka hita mai datti kan iya fitar da guba ba ta mutu ba. Gumin da ke tsatsafowa a jikin gilashin taga da baƙin da ke taruwa a saman hita duk shaida ce cewa iska ba ta zagayawa.

Maganin ba shi da tsada. A bar taga a ɗan buɗe, a bar kafar ƙasan ƙofa yadda take, don sabuwar iska ta samu mashiga, tsohuwa ta samu mafita. A ɗumama ɗaki a kashe hita kafin a kwanta, bargo ya ƙarasa aikin. Kafin sanyi ya shigo, gwani ya duba ta. Mai hali ya sayi na'urar gano guba ya maƙala kusa da ɗakin barci. Idan kuma aka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ko'ina, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti a sa masa oksijin. Madara ko manja ba sa cire wannan guba daga jini.

Hitar gas ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba, sai dai ɗalibanmu da 'yan ci-rani a Aljeriya da Masar da Turkiyya suna kwana da ita. A gida kuma muna da 'yan uwanta: kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗakin mai jego ko tsoho idan jaura ta kaɗa, risho ɗin gas da ake bari a kunne don ɗumi, da janareta da ake ɓoyewa a zaure ko kicin saboda ɓarayi. Gubar ɗaya ce, dokar ma ɗaya ce: duk ɗakin da wuta ke ci a cikinsa, a bar mata hanyar shan iska, in ba haka ba rabon masu barci za ta shanye.