Gurbin Karatu Ya Samu, Saura Wurin Kwana

A gidan da yaro ya samu shiga jami'ar gwamnati, murna ba ta cika wuce mako biyu ba. Ana gama karɓar "Allah ya sanya alheri" daga dangi sai a zauna lissafi: kuɗin rajista, kuɗin gwajin asibiti, kuɗin mota. Can ƙarshen lissafin kuma ga tambayar da ta fi sauran nauyi, wadda takardar JAMB ba ta ce uffan a kanta ba: ina yaron nan zai riƙa kwana?

A yawancin manyan jami'o'inmu yanzu ta intanet ake neman gado. Jami'a za ta sanar da ranar buɗe shafi, ɗalibin da ya gama biyan kuɗin makaranta ya shiga ya danna, in ya yi sa'a lambar ɗaki ta fito masa. Uban da ya saba in abu ya cije sai ya sa babbar riga ya je ya ga wani, yau ga shi zaune yana jiran labari daga wani matashi mai shagon kwamfuta. A ƙa'ida 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe ake fara ba wa. Sai dai sunayen sababbin ɗalibai ba a rana ɗaya suke fita ba. Akwai jerin farko, akwai na biyu, wani lokaci har da na uku. Wanda sunansa ya fito a makare, ko wanda ubansa ya yi makonni yana haɗa kuɗin rajista, kafin ya isa shafin an riga an kwashe gadajen. Wato tsarin da aka ce na wanda ya riga zuwa ne, a zahiri na wanda ya riga samun kuɗi ne.

Ba haka abin ya faro ba. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ta biyo baya a 1962, an gina su ne a kan tsarin Ingila, inda ɗalibi ke zaune a cikin makaranta, ci da kwanansa duk a wuyanta. Ɗakunan kwanan ABU a Samaru da sunayensu suka zauna a bakin mutane, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo da Akenzua, gadon wannan tunanin ne. Dattawan da suka yi karatu a shekarun 1970 har gobe suna ba da labarin ɗaki na mutum biyu, da abinci sau uku da tikiti, da ma'aikatan da ke karɓar wanki. A watan Afrilun 1978, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini shi ya tayar da zanga-zangar nan ta "Ali Must Go", lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, daga nan risho da tukunya suka tare a ɗakin kwana. Kuɗin gado kuwa an bar shi naira 90 shekara da shekaru a jami'o'in tarayya. Da jin adadin ka san bai isa gyaran famfo ba, balle sabon gini. Ɗalibai suka yi ta ninkuwa, gine-gine suna nan yadda suke. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarabawar JAMB. Ɗakunan da Aliko Ɗangote ya gina wa ABU aka buɗe a 2019, masu ɗaukar ɗalibai 2,160, babbar gudummawa ce, amma a jami'ar da ɗalibanta suka kai dubun dubata, ba su rufe giɓin ba.

Mu ɗauka dai an dace, gado ya samu, kuma 'ya mace ce za a kai. Uwa ta yi mako guda tana shiri. Ta soya tumatir har ya ƙafe don kada ya lalace, ta daka yaji, ta yi dambun nama, ta ƙulla garin kunu da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. An naɗe 'yar katifa da igiya an ɗora a saman mota, ga bokiti biyu, ga buta, ga kwaɗo, ga gidan sauro, ga jakar Gana-mas-go da zif ɗinta ya ƙi rufuwa. Wanda ya ga motar ta fita daga layi sai ya rantse amarya za a kai, guɗa kawai ta rage.

A bakin ƙofar ɗakin kwanan mata ake rabuwa. Namiji ba ya shiga, ko da uba ne. Sai ya nemi inuwa ya zauna, uwa da ƙanne mata su yi ta jigilar kaya. Abin da zai gani bai wuce katanga da mai gadi da masu sayar da ruwan leda ba. Uwa ce ke ganin ciki: ɗakin da aka yi domin mutum huɗu, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, wasu katifun kuma a jingine da bango suna jiran dare ya yi a shimfiɗa su a ƙasa. Igiyar shanya ta ratsa tsakiyar ɗaki, tukwane a ƙarƙashin gado, a jikin bango ga ɗige-ɗigen da duk macen da ta taɓa yaƙi da kuɗin cizo ta san ma'anarsu. A tsakar gida bokitai sun yi layi a bakin famfon da bai kawo ruwa ba tukuna, kowane bokiti yana riƙe wa mai shi wuri. Za ta share lungun 'yarta, ta shimfiɗa zanen gado da hannunta, ta dubi wadda ta fi girma a ɗakin ta ce ga ƙanwarki nan, amana. In ta fito maigida ya tambaye ta yaya wurin, amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, ba laifi." Ba ƙarya take son yi ba. Ta san in ta zayyana duk abin da ta gani, akwai yiwuwar a ce a mayar da kayan cikin mota.

Waɗancan katifun na jingine su ne na 'yan sikwatin, wato waɗanda ba su sami gado ba suka raɓu da ƙawa ko 'yar garinsu. Dokar jami'a ta hana, amma kowa ya san ana yi, kuma da za a kore su duka rana ɗaya da an ga inda matsalar ta kai. Wannan taimakon juna ne, ban ga laifin yara a kansa ba. Wanda ya zama ɓarna shi ne cinikin gado: ɗalibi ya kama gado alhali ba ya bukata, ya sayar da shi ninkin ba ninkin. Iyaye da yawa sun biya irin wannan kuɗin ba tare da sun gane cewa sunan da ke takarda ba na ɗansu ba ne, kuma ranar da aka zo bincike shi za a fitar wa kaya waje.

Wanda bai samu ciki ba sai haya. A Zariya unguwannin Samaru da Hayin Dogo da Palladan sun cika da ɗalibai. A Kano, masu karatu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo sun bazu a Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali ma da nasa kason, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Shekarar mai gida wata goma sha biyu ce cif, ba ruwanta da kalandar jami'a. Lokacin da ƙungiyar malamai ta ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, iyaye sun biya hayar ɗakunan da suka yi wata takwas a kulle, aka dawo karatu masu gida suka ce a sabunta. Naira 20,000 da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke ba ɗalibi duk wata ta rage zafi wajen abinci da kuɗin mota, amma ba ta biyan hayar shekara.

Kuɗi ma da sauƙi a kan tsoro. A ranar 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da mutum fiye da ashirin, yawancinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Duk uban da ya ji waɗannan labaran a rediyo, in aka ce masa 'yarsa za ta zauna a wajen makaranta, ba sai an tambaye shi abin da ya faɗo masa a rai ba.

A nan ne rashin gado ke cin mata fiye da maza. Namiji a ce masa ya je ya san yadda zai yi, ya kwana ɗakin aboki, ya kwana aji, wani har masallaci, kafin abu ya daidaita. Mace kuwa, uba da yawa a ƙasar Hausa sharaɗi biyu yake gindayawa: ko cikin makaranta, ko gidan dangi. Gidan dangi yana da rufin asiri, amma yana da nasa farashin da ba a faɗa. Yarinyar da ke da darasi ƙarfe takwas ita ce mai wanke-wanke da shirya yara, in ta daɗe a laburare a tambaye ta inda ta tsaya, in ta yi ƙorafi a gida a ce ta yi haƙuri, alfarma ake mata. Inda babu dangin kuma, sai a ce ta bari sai baɗi, ko ta koma wata kwaleji ta kusa da gida ta karanta abin da ba shi ta nema ba. Kafin baɗin ta zo wani lokaci an kawo kuɗin gaisuwa. Ita ba ta faɗi jarabawa ba, ba a kuma kore ta ba. Gado ne kawai ba ta samu ba.

Shi ya sa nake ganin jami'a bai kamata ta raba takardar shiga da maganar gado ba, aƙalla ga mata 'yan aji ɗaya. A ware musu kasonsu, a kuma ajiye wani ɓangare domin waɗanda sunansu zai fito a jerin baya. Asusun TETFund da ke gina ɗakunan lacca da ofisoshi ya kamata ya ba wurin kwana irin wannan muhimmancin. Ɗakunan da 'yan kasuwa ke ginawa a filin jami'a bisa yarjejeniya suna da tsabta da ruwa, amma kuɗinsu na masu hali ne. Attajiranmu kuma da ke neman sadaka mai gudana, ginin da zai sa uba ya yarda 'yarsa ta yi digiri bai gaza kowane irin waƙafi ba.

Su ma iyaye akwai abin da ya rage gare su, don buhun shinkafa ba shi ne kaɗai kula ba. Gani ya kori ji: uwa ta shiga banɗaki ta duba, ta tambayi lokacin da ruwa ke zuwa da lokacin da ake rufe ƙofa, uba ya taka da ƙafarsa daga ajin yaron zuwa ɗakin ya ga ko hanyar na da fitila. A yi wa yaro allurar sanƙarau kafin ya tafi, domin cunkoso a ɗaki lokacin bazara shi cutar ke so. Kuma in an ga sunayen abokan ɗaki ba irin na gida ba, kada a tayar da hankali. Yarinya daga Funtuwa da wata daga Otukpo su haɗa tukunya ɗaya, wannan ta jira waccan ta idar da salla, waccan ta ajiye wa wannan ruwa ranar Lahadi kafin ta dawo daga coci, yana cikin abin da aka gina jami'a dominsa tun farko.

Abin da ba a cika gaya wa iyaye ranar kai kaya ba shi ne gadon na zangon shekara ɗaya ne. In an gama jarabawa za a ce kowa ya kwashe kayansa ya miƙa makulli. Shekara mai zuwa yaron ya zama ɗan aji biyu, fifikon sababbin shiga ya wuce shi, na 'yan ajin ƙarshe kuma da saura. Gara tun hutun farko a fara tambayar inda zai zauna.