Yadda Waya Ta Zo Nijeriya, da Tsaronta a Ƙasar Hakimi

Maganar da mutumin Arewa ya aika ƙetare ta waya, galibinta sai ta gangara bakin teku tukuna. Haka abin ya ke tun farko, haka kuma ya ke har yau. Ya kamata Hakimai da malamansu su san asalin wannan hanya, gama cikin ƙasarsu ta ratsa.

A cikin 1886 ne igiyar waya ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Ingila. Ba don talakawa aka yi ta ba, don Gwamnati ne da fataken Turawa. Ba a jin murya cikinta, sai dai a buga talgiram, watau ƙwanƙwasa gajere da dogo, ma'aikacin gidan waya ya juya shi zuwa haruffa. Tarho bai shiga ofisoshin Gwamnati na Ikko ba sai 1893. Daga baya aka ja waya bisa sanduna zuwa Jebba da Lakwaja, sa'an nan Zungeru, inda Gwamna Lugga ya koma a 1902. Da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, waya na tafe gefenta tasha tasha. Saƙon da manzo kan yi kwanaki bisa doki kafin ya kai, sai ga shi ya isa cikin wuni guda. Amma fa ɗawainiyarta da yawa: gara ta ci sanda, gobarar daji ta lashe wata, ɓarawo ya yanke tagulla.

Abin bai yaɗu da sauri ba. Ran da aka sami mulkin kai a 1960, layin tarho na ƙasar duka bai kai 19,000 ba. A 1971 aka buɗe tashar tauraron ɗan Adam a Lanlate, a 1985 kuma aka raba aikin tarho da na wasiƙu, aka kafa NITEL. Duk da haka har 2000 layukan ba su kai rabin miliyan ba, mai nema kuwa ya kan yi shekaru yana jira.

Sauyi ya zo a 2001, sa'ad da hukumar NCC ta yi gwanjon lasin wayar salula, ko wane a kan dala miliyan 285. Cikin Agusta na shekarar Econet da MTN suka soma aiki, Glo ya biyo a 2003. Yanzu layukan sun haura miliyan 100, ko mai kiwo a ruga yana da tasa.

A nan ne mutane da yawa su ke kuskure, suna zaton tun da salula ba ta da igiya, ba abin da za a tsare. Ba haka ba ne. Daga hannu zuwa hasumiya ne murya ke bin iska. Daga can mafi yawanta cikin igiyar zaren gilashi ta ke tafiya, wadda aka bizne gefen manyan hanyoyi, ita hasumiyar kuma sai da inji da mai da batura. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga intanet da aikin banki sun tsaya cik a wurare da dama na ƙasar nan. Abin da ya auku a teku yana aukuwa a tudu, in mai gyaran hanya ko mai haƙar yashi ya sari igiya da bai san da ita ba.

Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan waya cikin manyan kayan ƙasa da doka ta tsare. Saboda haka ana roƙon ko wane Hakimi ya sa malaminsa ya rubuta hasumiyoyin da ke ƙasarsa, da hanyoyin da igiya ta bi. Dagatai da masu unguwa su gargaɗi jama'a kada a yi haƙa ko a sa wuta kusa da alamun igiya. Wanda aka gani da batir ko man hasumiya, a kai rahotonsa ga 'yan sanda a ranar, a aika wa Majalisar Sarki da kwafi.