Farcen Kyanwa da Haƙorin Kare: Me Ke Faruwa Idan Aka Cire wa Kyanwa Farata?

Unguwar Boro, wadda ke kan hanyar Kaciya a kudancin birnin Kaduna, kusa da Sabon Tasha, tana daga cikin unguwannin da kare da kyanwa ke zama kafaɗa da kafaɗa. Gidaje da dama suna ajiye kare domin gadi, a ɗaure shi da rana, a sake shi da dare. Ita kuwa kyanwa, ana barin ta ne saboda ɓera, kuma babu mai tsare ta a ɗaki. Dare ne lokacin farautarta. Ke nan sa'ar da aka kwance kare ita ce sa'ar da kyanwa ke fita. Duk da haka yawancin kyanwowin suna kwana lafiya. Dalilin yana cikin tafin ƙafarsu, kuma shi ne abin da wasu masu kiwo ke neman a cire domin kada a yage musu kujera ko a yaƙushi yaro.

Bari mu fara da ƙirar farcen. Kyanwa tana da yatsu 5 a kowace ƙafar gaba, da 4 a kowace ƙafar baya, jimla farata 18. Farcen mutum a kan fata yake kwance, shi ya sa muke yanke shi ba mu ji komai ba. Na kyanwa kuwa daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, shi da ƙashin a haɗe suke. Idan tana hutawa ko tana tafiya, wata jijiya mai talewa takan ja wannan ƙashi sama da baya, farcen ya ɓuya cikin fata da gashi. Wannan ne ke sa ba a jin sawunta, kuma tsinin ba ya dakushewa a ƙasa kamar yadda na kare ke yi. In buƙata ta taso, sai tsokar ƙafa ta ja wata jijiyar ta ƙarƙashi, faratan su fito a lanƙwashe kamar ƙugiya.

To, mene ne amfanin wannan ƙugiya a gaban kare? Mutane da yawa sun ɗauka faɗa ne. Haƙiƙa akwai wannan: kyanwar da aka ritsa takan gantsare baya, ta tayar da gashi domin ta yi kama da babba, ta kai mari a hancin kare ko idonsa, kuma sau da yawa wannan mari ɗaya kan sa kare ya ja da baya. Idan an kayar da ita, takan riƙe da ƙafafun gaba ta dinga shuri da na baya. Amma mai karatu ya auna nauyinsu: kyanwa ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 5 ba, kare kuwa yakan ninka ta sau uku ko huɗu. Marin ba ya ba ta nasara, 'yar dama kawai yake ba ta ta tsere. A gajeren zango tana da saurin gaske, sai dai tana saurin gajiya, alhali kare dabba ce mai juriyar gudu. Idan tseren ya yi tsawo a fili, kare ne da riba. Abin da ke ceton ta shi ne hawa: mangwaro, dogon yaro, katangar bulo, ko turken rumfa. Faratan gaba su kama, ƙafafun baya su tura, cikin ƙiftawar ido ta kai inda kare sai dai ya tsaya yana haushi. A ganina, farcen kyanwa ya fi zama tsani a kan makami. Lanƙwasar farcen kuwa ita ce ke sa hawa ya yi mata sauƙi saukowa ta yi wuya, har sai ta sauko da baya-baya.

Yanzu sai mu duba abin da ake kira cire farce. Sunan yana ruɗar mutane, domin yana sa a zaci aikin wanzami ne. Tun da farcen daga ƙashi yake fitowa, ba yadda za a hana shi sake tsirowa sai an datse ƙashin ƙarshe na kowace yatsa. Kwatankwacinsa a jikin mutum shi ne a guntule kowace yatsa daga gaɓar ƙarshe. Galibi ƙafafun gaba ake yi wa, wato yatsu 10. Ga shi kuma kyanwa a kan yatsunta take takawa, ba a kan diddige ba, saboda haka aikin yana sauya yadda nauyinta ke sauka a ƙasa har ƙarshen rayuwarta.

A Amurka da Kanada ne wannan tiyata ta fi yaɗuwa, kuma can aka fi nazarin sakamakonta. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin kyanwa a 2018 ya kwatanta kyanwowi 137 da aka cire wa farata da wasu 137 masu faratansu. An samu cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi fama da ciwon baya, sun fi yin kashi da fitsari a inda bai dace ba, kuma sun fi cizo. Hoton ƙashi ya nuna cewa kashi 63 cikin ɗari nasu an bar musu guntun ƙashi a cikin yatsa, tamkar mutum ya yini da tsakuwa a cikin takalmi. Batun cizon nan ya kamata iyaye su lura da shi: wanda ya cire farce domin kada a yaƙushi ɗansa, ya bar dabbar ba ta da abin kare kai sai haƙori, kuma cizon kyanwa ya fi yaƙushi zurfi da saurin ruɓa. Ƙasashen Turai da dama sun haramta aikin sai dai don magani, Isra'ila ta hana shi a 2011, jihar New York ta bi sahu a 2019. Hatta likitocin da ke yin sa sukan gindaya sharaɗin cewa kyanwar ba za ta ƙara fita waje ba. A Unguwar Boro, inda ƙofa ke buɗe kuma tsakar gida ta jama'a ce, wa zai iya cika wannan sharaɗi? Wanda kuma ya ɗauki filaya ko reza ya yi da kansa a gida, ya haɗa wa dabbar azaba da zubar jini da ruɓewar rauni, sa'an nan farcen na iya sake tsirowa a karkace cikin nama.

Idan kare ya samu kyanwa, ba cizo kaɗai yake yi ba. Yakan damƙe ne ya girgiza. Fatar kyanwa sako-sako take, tana zamewa a ƙarƙashin haƙori, don haka abin da ido zai gani bai wuce 'yan huda biyu ko uku ba, alhali a ciki haƙarƙari ya karye, ko huhu ya huje, ko bangon ciki ya yage. Kyanwar da kare ya girgiza tana buƙatar likitan dabbobi a ranar, ko da ta tashi da ƙafarta. A rufe ta da buhu ko tsohon zane kafin a ɗauke ta, domin zafin ciwo kan sa ta ciji ko da mai ita.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce kan kyanwar, wato ciwon haukan kare, wanda har yanzu yana nan a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, kuma kyanwar da ta tsira daga bakin mahaukacin kare tana iya shigo da ita har ɗakin kwana bayan wasu makonni. Allurar rigakafi ta shafi kare da kyanwa duka, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa irin wannan allura. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti kafin wata alama ta bayyana, domin da zarar ta bayyana magani ba ya ƙara yin amfani.

Ita kuwa kujerar da ake kuka a kanta, gyaranta mai sauƙi ne. Kyanwa tana karce abu ne domin ta ɓare tsohon kufan farce, ta miƙe tsokokinta, ta kuma bar warinta daga tafin ƙafa a matsayin alamar iyaka. Ba za a iya hana ta ba, sai dai a sauya mata wuri. Gungumen itace mai kaushi, ko turke da aka naɗe da igiya aka kafa kusa da makwancinta, ya wadatar. Wadda ba ta fita ko kaɗan ana iya rage mata tsinin farce kawai, ba tare da an kai ga ɓangaren nan mai ja-ja da ke ɗauke da jini ba. Mai fita waje kuwa a bar mata nata yadda suke. Idan tsakar gidan babu bishiya, a jingina katako a jikin katanga ko a kafa wani dandamali da ya fi tsallen kare, sa'an nan a tabbata ta shigo ko ta hau sama kafin a kwance kare da dare.