Idon Mai Sayen Hula

Tsaya kusa da mai sayar da huluna a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ka kalli yadda dattijo yake zaɓe. Ba ya gaggawa. Zai ɗaga hular ya duba ta a hasken rana, ya juyo cikinta ya ga ko ɗinkin ya cika, ya shafa ta da babban yatsa, sannan ya miƙe hannu ya hango yadda launukan suka zauna da juna. Sai ka ji hukunci: "Wannan aikin hannu ne," ko "Wannan na inji ne, ba zai yi ƙarko ba." Amma nuna masa a waya hoton wani zanen zamani da aka rataye a Legas ko Landan, layuka da launuka kawai, babu mutum babu doki, ka ce an saye shi da miliyoyi. Dariya zai yi, ya ce ko jikansa zai iya.

Wani lokaci da gaskiyarsa, don kasuwar zane ma tana da 'yan cuwa-cuwa. Sai dai a ganina ya raina idonsa ne. Abin da ya yi wa hular nan shi ne abin da masana zane suke yi, kuma da shi zai iya auna kowane aiki, na fenti ne, na gini ko na kwamfuta.

Ɗauki batun zanen da bai yi kama da komai ba. Turawa sun shafe ƙarnuka suna gasar kwaikwayon fuska da jiki, sai wajen 1910 irin su Kandinsky suka fara sakin wannan hanya, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mu kuwa a nan muka taso. Taka-tsantsan da malamai suke yi game da surar abu mai rai ya tura hannun gwanayenmu wajen layi, kusurwa da maimaici: dagi a bangon zaure, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar allon ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Ba wanda yake tsare mai surfani ya ce sai ya faɗa masa hoton mene ne wannan. Ana duba daidaito ne, da cikar aiki, da inda gwani ya ɗan kauce wa ƙa'ida da gangan. Bagobiri ma ya fi kowa kusa da wannan, tunda a fuska yake ɗauke da nasa: tsagar da take buɗewa daga gefen baki zuwa kunne, wadda ake ganewa daga nesa, daga kufan Alƙalawa har Tsibiri. Wanzamin kirki shi ne wanda layukansa suka tafi da tazara ɗaya, ba karkata. Iyaye da yawa sun daina yi wa 'ya'yansu, sai dai aikin da tsagar take yi, wato a gane ka da kallo ɗaya, shi ne dai kamfanoni suke biyan maƙudan kuɗi a zana musu tambari dominsa.

Tambayar farko da ya kamata mai kallo ya yi ita ce: da me aka yi, kuma me kayan aikin ya yarda a yi da shi? Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da laushi da ƙarfi, shi ya sa fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Majemi ya jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya yanka, ya liƙa, ya yi mata tunku. Idan wuƙarsa ta zarce, babu gyara. Mai zanen ƙwarya nasa wahalar daban ce: bayan ƙwarya a lanƙwashe yake, dole layin da ya fara ya zagayo ya haɗu da kansa ba tare da an ga mahaɗar ba. Wanda ya san wannan, idan ya ga aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar shekaru da dama a Nsukka, ba zai tsaya kan cewa murafun kwalba ne ba. Zai lura da yadda aka ɗaure dubban gutsattsarin ƙarfe da wayar tagulla har suka zubo kamar zane a kan igiya. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta zinariya a babban bajekolin fasaha na Venice.

Tambaya ta biyu: daga ina aka nufa a gan shi? Gingimarin da take ɗaukar albasa da dabbobi zuwa Kudu ba a zaure ake kallonta ba, a guje take wucewa. Shi ya sa mai fentinta yake zuba ja da ruwan ɗorawa da kore masu kauri, ya rubuta karin magana da manyan baƙaƙe. Wanda ya ce aikin ya yi ƙauyanci bai yi la'akari da titi ba.

Inda na fi son mai karatu ya dakata shi ne ƙetaren iyaka, a jihar Tawa ta Nijar. A ƙauyen Yama, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Magini mai bin ƙa'ida sak zai ce wannan kuskure ne. Falke kuwa ya san ƙa'idar bakan gizo da azara ciki da bai, kuma sanin ne ya ba shi damar wasa da ita. A 1986 masallacin ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine, wadda duniya take ji da ita. Shekaru suka wuce, wani masallacin a Dandaji ya tsufa, jama'a suna neman mafi girma. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai tsara gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ba su rushe shi ba. Sun mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. Nemi hotonsa ka gani. Babu kwalliyar banza, haske da inuwa ne suke yi wa bangon ado, kuma ƙasar tana tare zafi yadda siminti da kwano ba sa yi. Wannan shi ne zamani na gaske, ba gilashi mai shuɗi da ake manna wa gida a garin da rana take dafa ƙwai ba.

Ɗaliban Zariya sun hango haka tun 1958, lokacin da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo, Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Matsayinsu shi ne a koyi dabarar Turawa, a cika ta da kayan gida.

Yau kuwa mafi yawan zanen da muke gani a waya yake: katin ɗaurin aure, fastar ɗan takara, tallan fim ɗin Kannywood, hoton sanarwar wa'azi a WhatsApp. Samari da yawa suna cin abinci da wannan sana'a, madalla. Amma ciwonta ɗaya ne, cunkoso. Salon rubutu biyar a kati guda, furanni, walƙiya, hoton ango har uku, sai ka nemi ranar biki ka rasa. Baduku ya san dole ya bar wani wuri fata zalla domin adon ya fito. Mai kwamfuta ya kamata ya je ya zauna a rumfarsa yini guda.

Akwai kuma laifin da yake namu duka. Babu Bagobirin da bai san Ibrahim Narambaɗa ba, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Amma wa ya ɗinka rigunan da aka sa a fadar da yake waƙa? Wa ya yi sirdi da adon dawakin da yake wasawa? Muna riƙe sunan mai murya, mu saki na mai hannu. Ladi Kwali ta tsira daga wannan ne saboda ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, aka riƙa kai aikinta ƙasashe da sunanta, har ta hau takardar naira 20.

Lamarin ya ƙara gaggawa a yankinmu. Tun 2019 rashin tsaro ya kori dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa, wasu zuwa jihar Maraɗi, wasu cikin garuruwa. Ginin ƙasa yaɓe yake so, in babu mai yi damina ba ta raga masa, kuma sana'ar hannu ba ta rayuwa in kasuwa ba ta ci. Duk mai waya zai iya ɗaukar hoton bangon zaure, ƙwarya ko faifai, ya tambayi wanda ya yi, ya rubuta sunansa da garinsu da shekara. Gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato domin adana irin waɗannan bayanai aka kafa shi.